Ba a Ɗaure Gizo Ba

Sha biyu da rabi na rana aka kira ta. A filin ƙwallon wata makaranta ne da ke kan hanyar Basawa. An kakkafa rumfunan tamfol, an jera kujerun roba, janareta na ta ruri a bayan azuzuwa, manyan baƙi kuma na fifita da takardar tsarin biki saboda zafi. Ranar al'adu ake yi. An yi rawar koroso, an yi ta 'yan Tibi, 'yan mata sun fito da shigar Fulani da ƙore a ka, har an ɗaura auren wasa an kai amarya. Sai mai gabatarwa ya leƙa takardarsa ya ce abu na bakwai, tatsuniya.

Kakar wata ɗaliba ce. Aka riƙo hannunta aka hau da ita dandamali, inda aka shimfiɗa sabuwar tabarma, aka girke aci-balbal da ba mai a cikinta balle wuta, aka jera yara shida cikin ɗinkin salla. Da aka miƙa mata abin magana sai ta ɗaga kai ta dubi rana, sannan ta dubi saurayin da ke gabatarwa.

"Ɗan nan, yanzu? Da tsakar ranar nan?"

"Hajiya, a yi haƙuri, lokaci ne ya ƙure. Minti biyar kawai za ki yi mana."

"To, an ɗaure Gizo?"

Lasifika ta kwashe tambayar ta watsa har bakin titi. Aka bushe da dariya, wasu har da tafi, a zatonsu wasan ne ya fara. Ita kuwa ko murmushi ba ta yi ba.

Ni ma na dara, ba zan ɓoye ba, amma dariyar ta maƙale mini a wuya, domin na san abin da take tambaya. A gidan da na tashi, nan cikin Basawa, ba a tatsuniya da rana. Wanda ya yi, in ji Gwaggo, zai ɓata a kasuwa. Mu kuwa da muka taɓa shiga kasuwar Sabon Gari riƙe da gefen zanen iyayenmu mun san ɓata ba abin wasa ba ne. Sai dai kowane camfi da makarinsa. In ruwan sama ya tsare mu a ɗaki, kwaɗayin labari ya ci ƙarfinmu, sai ɗayanmu ya zaro ciyawa daga zana ya ƙulla ta, ya ce ya ɗaure Gizo. Daga nan bakin kowa ya buɗe. Da na girma aka ce mini dabarar manya ce: yarinyar da ta zauna sauraren Gizo da hantsi ba za ta kai talla ba, yaro ba zai kai abinci gona ba. Haka ne, amma wannan amsar ba ta taɓa ƙosar da ni ba.

A duba yadda ake buɗe ta. "Ga ta nan, ga ta nanku." Ba a ce ga shi ba. Mace ce, baƙuwa, tana tsaye a zaure, tsohuwa ta leƙa ta gan ta, ta juyo ta faɗa wa yara. Ba kuma za ta shigo ba sai an yi mata iso: "Ta zo mu ji ta." Na sha ganin Gwaggo ta faɗa sau biyu, in ta ji amsar ta fito a sanyaye sai ta gyara kwanciya ta ce barci muke ji, a bari sai gobe. Mawaƙi na iya farawa ko ba a tanka masa ba, mai wa'azi ma haka, sanƙira kuwa ba ya neman yardar kowa. Tatsuniya da ƙanwarta kacici-kacici su ne ke sallama su tsaya jiran amsa. Har sallamar ta koma suna: a ƙasar Sakkwato da cikin Nijar gatana ake ce mata, wato an kira baƙuwar da kalmar da aka fara ji daga bakin ƙofa.

Sannan ga wannan ƙaramar kalma, ji. Bahaushe da ita yake jin magana, da ita yake jin ƙamshi, da yunwa, da zafin wuta, da kunya, da tausayi. In ya iya harshe ba ya cewa ya san shi, cewa yake yana jin sa. Yaron da ba ya bin umarni ba ya ji. To yaran da suka ce ta zo mu ji ta ba kunne kaɗai suka miƙa ba. Cikin duhu ba ka ganin fuskar mai bayarwa sosai, sai muryarta, da ƙafar ɗan'uwanka da ke gogar taka, da kukan gyare a bayan danga. Dodon da ka ƙera a ranka ya fi duk wanda za a ɗinka wa riga a nuna maka. A filin makarantar nan kuwa ba a kira mu masu sauraro ba, 'yan kallo aka ce da mu, wayoyi kuma duk sun ɗagu sama ana ɗauka. Karin maganar nan da muke yi, gani ya kori ji, ranar na ga ta tabbata ta fuskar da masu ita ba su nufa ba.

Muna da rumbun kalmomi na ba da labari, kuma yawancinsu baƙi ne da suka zauna. Labari, tarihi, ƙissa, hikaya, duk daga Larabci suka zo, a cikin gafakar malamai. Na zaure ne su, na maza, ana yin su da rana tsaka ba a ɗaure kowa ba, domin kowannensu yana da'awar gaskiya, ko aƙalla ba ya musun ta. Tatsuniya ce kawai ke tona wa kanta asiri kafin ta fita. Bayan ƙurunƙus kan kusu sai mai bayarwa ta ƙara da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Na daɗe ina juya wannan jimla. Tsohuwa ce mai salla da azumi, wadda za ta zane ka in ka ce ba kai ka sha furar ba alhali ga ta a leɓenka, ta kwashe sa'a guda tana cewa kura ta yi magana, ɓaure ya haɗiye yarinya. Ta san an hana ƙarya. Sai ta nemo wanda zai ɗauki alhakin, ta aza masa a ka. Aikin Gizo ke nan tun fil azal, ɗan dakon ƙaryar da aka yarda da ita.

Daga nan na fahimci camfin. Da dare an kewaye shi: akwai sallama a farko, akwai ƙurunƙus a ƙarshe, kowa ya san inda ƙarya ta fara da inda ta tsaya. Da rana kuwa ana ciniki, ana shari'a, ana ɗaura aure, ana karɓar bashi da baki. Maganar rana dole ta zama abin dogaro. In Gizo ya fito cikinta a sake, wanda bai iya bambanta zancen dare da na ciniki ba lallai zai ɓata a kasuwa, ko da ya san kowane layi. Kuma ga dukkan alamu ya daɗe da tsinke igiya. Yau in ɗan siyasa ya yi alƙawarin titi, sai ka ji masu shayi a Samaru sun ce tatsuniya ce, wani ya ƙara da cewa ai tatsuniyar Gizo ba ta wuce Ƙoƙi. Kalmar ta tashi daga sunan fasaha ta koma zagi. Wanda kuma ya fara kiran intanet yanar gizo, ko da gizo-gizon bango yake nufi, ya raɗa sunan da ya dace fiye da yadda ya zata.

Abin da ya kai hankalina tsibirin Ailan sunan gari ne a bangon littafi. Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku, na Frank Edgar, jami'in mulkin Turawa, ya fito tsakanin 1911 da 1913, daidai lokacin da jirgin ƙasa ya iso Zariya, Sabon Gari ta fara tsiro a gefen tasha. A Belfas, can a tsibirin, aka buga shi. Malamai ne suka rubuta abin da ke ciki da ajami, da yawa a ƙasar Sakkwato tun zamanin Razdan Burdon, Edgar ya mai da shi boko don Turawa masu shirin jarrabawar Hausa su sami abin karatu. A lura da tafiyar: zancen mata na dare, maza suka rubuta da rana, don baƙi, aka ɗab'a a hayin teku. Taska ce, kuma ba don ita ba da an yi asarar da ba ta misaltuwa. Amma tsamin bakin Gizo, yadda yake murɗe sarki ya koma wani abu har yara su faɗi don dariya, takarda ba ta iya riƙe shi. Karin waƙoƙin da ke tsakiyar tatsuniya ma ya zube a hanya.

Abin mamaki shi ne, a waɗannan shekarun, a yammacin tsibirin da injin ke buga tatsuniyoyinmu, tsofaffi masu harshen Gelik suna can suna rasa masu sauraren nasu. Mutanen Kelt, na Ailan da na tsaunukan Sikotilan, sun yi suna wajen ba da labari, kuma tsarinsu zai ba Bahaushe mamaki don kama. Lokacinsa bayan girbi ne, daga farkon Nuwamba zuwa tsakiyar Maris, da dare, a gefen murhu. Su ma suna ganin rashin sa'a ne a ba da labaran jarumai da rana. Su ma sun raba kalmomi: akwai mai dogayen labaran jarumta da al'ajabi, akwai kuma shanaki, mai riƙe da tarihin unguwa da salsalar gidaje, sunan da ya samo asali daga kalmarsu ta tsufa. Kusan rabon da muka yi ne tsakanin tatsuniya da labari. Inda muka saɓa, a can dogayen labaran na maza ne, har ana ƙyamar mace ta ba da na jarumai, a nan kuwa namiji mai gemu ya zauna yin Gizo da Ƙoƙi sai a ce ya rasa aikin yi.

A 1935 gwamnatin Ailan ta kafa hukumar tattara adabin baka ƙarƙashin Séamus Ó Duilearga. Ma'aikatanta suka bazu ƙauyuka da na'urar Ediphone, mai ɗaukar murya a kan goran kaki. In sun koma masauki sai su saurara su kwafe a takarda, sannan a kankare kakin a sake ɗaukar wani tsohon a kai, don gorunan ba su wadata ba. Na kasa mantawa da wannan: an ajiye kalmomin, an kankare muryar. A 1937 zuwa 1938 kuma aka sa yaran firamare sama da 50,000 su je su tambayi kakanninsu su rubuto. Shekarun ne Magana Jari Ce ke fitowa daga Zariya. Abubakar Imam ya ɗauke labari daga bakin tsohuwa ya sa a bakin aku, ya ɗauke shi daga tsakar gida ya kai fada, amma bai taɓa dare ba. Akun nan da dare yake tsare ɗan sarki da zance. Imam ɗan gida ne, ya san inda iyakar take.

Ó Duilearga ya ba da labarin wani tsoho da ya daɗe yana ɗauka daga bakinsa, Seán Ó Conaill, manomi kuma masunci a gundumar Keri, wanda ya rasu a 1931. Da mutane suka daina taruwa a gidansa, sai ya riƙa ba wa kansa labaran da ƙarfi in yana kiwo shi kaɗai a kan tudu, har da nuni da hannu, don kada su kuɓuce masa. Ka ce mutum ya yi ta faɗin ga ta nan ga ta nanku, shanu na kallonsa.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da ya fara samunmu yanzu. Shanaki ya tashi daga gefen murhu ya hau dandamali. Éamon Kelly, ɗan wasan kwaikwayo daga Keri ɗin dai, ya yi suna a rediyo a shekarun 1950, daga baya ya riƙa cika gidan wasa a Dublin shi kaɗai da hularsa da kujerarsa, yana ba da labaran ƙauye da Ingilishi. Gwani ne, ba mai musu. Amma tun daga shi, in an ce shanaki, hula da kujera mutane ke gani. Yau akwai bikin masu ba da labari na duniya a Edinbura tun 1989, ana yin sa a ƙarshen Oktoba, akwai wani a ɗan tsibirin Cape Clear tun 1994. Ana sayen tikiti, ana biyan mai bayarwa, an san ƙarfe nawa zai fara da ƙarfe nawa zai sauka. Kalmarsu ta keili ta fi komai nuna abin da ya faru. Asalinta ziyara ce, maƙwabta su taru a gidan wani da dare a yi labari da waƙa, mata na saƙa. Yanzu in an gayyace ka keili, rawa za ka je da makaɗa a babban zaure. Ba mu da bakin yi musu dariya. Hirarmu ta bayan isha ta zama abin da ɗan jarida ke yi da minista, dandalin da 'yan mata ke gaɗa a farin wata ya koma cikin waya yana sada zumunta.

Ba na cikin masu cewa bikin ya kashe abin. A can ma biki ne ya sa samari suka koma neman tsofaffi, ya sa ba da labari ya zama sana'ar da ake ci da ita. Kuma masu shirya nasu sun koyi darasi: suna kai mutane ƙananan ɗakuna, suna rage fitila, suna jiran dare. Abin da ke damuna a namu shi ne mun ɗauko abin da ba na fage ba mun tsayar a fage, alhali ba fasahar fage muka rasa ba. Wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Zazzau ranar hawan salla ya ji yadda maroƙa ke jero sunayen sarakuna da kirarinsu ya san muna da masu riƙe tarihi a bainar jama'a. Muna da 'yan kama masu kwaikwayon malamai da zancen tuwo, muna da 'yan gambara, muna da tashe in azumi ya kai goma. Nan kusa da mu a Bomo samari sun daɗe suna kalankuwa bayan kaka, su naɗa sarkinsu da alƙalinsu da 'yan dokarsu, su kwaikwayi hukuma jama'a na dariya, har Michael Etherton na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi rubutu a kai. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da suna na sana'a: maroƙi, sanƙira, ɗan kama, makaɗi. Mai tatsuniya fa? Ba ta da wani suna sai Kaka, ko Gwaggo, ko Iya, ko amaryar gidan. Ba a gadonta kamar ƙira, ba a yi mata kari, ba ta da sarki. Ladanta ɗaya, yara su yi barci.

Ko kalmar al'ada tana da abin cewa a nan. A Larabci tushenta ɗaya da idi, duka daga komowa suke. Al'ada ita ce abin da ke komowa kullum har a daina lura da shi, idi kuwa sai shekara ta zagayo. Ranar da aka ware wa tatsuniya lamba ta bakwai a takardar biki, ta bar layin al'ada ta koma na idi, ko da an rubuta ranar al'adu da manyan baƙaƙe a ƙyalle. Aci-balbal ɗin nan da ba mai a cikinta ta faɗi gaskiyar da jawabin shugaban taro bai faɗa ba.

Kuma ba sai an je Edinbura neman dabara ba. A cikin jami'ar nan ta Samaru akwai gidan wasan da aka gina da ƙasa a 1976, zanen wani Ba'amurke mai suna Steven Ehrlich, wanda ya kwaikwayi tsarin gidan Bahaushe: zagayayyun ɗakuna sun kewaye fili, tsakiya ba rufi. In ka zauna ciki da dare, da sanyin Samaru na saukowa, kana jin numfashin wanda ke kusa da kai. Wanda ya zana shi baƙo ne, amma ya lura da abin da mu masu gida muka yi wa rumfar tamfol.

Ita dai tsohuwar, da ta ga ba wanda zai amsa mata, sai ta kama bakin mayafinta ta ƙulla da kanta. Ta matsar da abin maganar gefe kaɗan kamar mai korar ƙuda, ta ce ga ta nan ga ta nanku. Yara shidan suka amsa a tare, da irin muryar da ake karanta jadawalin sau, an ga alama an kwana ana koya musu. Ta ɗauko ta Gizo da hankaki: yadda suka tausaya masa kowa ya ara masa gashi ɗaya, suka tashi da shi zuwa wani ɓaure a tsakiyar kogi, yadda duk ɗan da hankaka ya nufa sai Gizo ya ce shi ya riga gani. Da ta murɗe harshe ta yi maganarsa, sai na ga wani babban baƙo mai babbar riga ya sauke wayarsa a cinya bai sani ba. Hayaniyar bayan rumfa ta ragu. Ta kai inda hankaki suka fusata, kowa ya tsige gashinsa, suka tashi suka bar shi a kan reshe, ruwa ta ko'ina, magariba na gabatowa.

A nan saurayin ya matso ya durƙusa, ya karɓi abin maganar da ladabi, ya ce a tafa wa Hajiya. Aka tafa. Abu na takwas jawabin godiya ne.

Bayan an tashi na same ta a bakin ƙofar makarantar, tana jiran a-daidaita-sahu da jikarta, an ba ta ledar shinkafa da lemon kwalba. Wata yarinya, ba ta cikin shidan nan, silifas ɗinta ɗaya ya tsinke tana jan sa, ta zo ta tsaya a gabanta tana wasa da yatsu.

"Iya, to ya sauko?"

"Wa?"

"Gizon."

Tsohuwar ta dube ta tun daga sama har ƙasa. "'Yar wace ce ke? A ina kuke?"

Yarinyar ta nuna wajen Hayin Dogo da baki.

"Da nisa. Ki ce wa kakarki ta sauko miki da shi, ta san hanya. Amma sai an yi isha."

Mai a-daidaita ya tsaya, jikar ta shige da ledar. Da tsohuwar ta tattara mayafi za ta hau, na ga ƙullin yana nan a bakinsa, ba ta kwance ba.